Taku Ɗari da Arba'in daga Tsamiya

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai gama fitar da kai ba, soja kuma suka karɓi mulki a Yamai kafin zafi ya kankama, ita ce shekarar da aka kawo wa Tanko mai haƙar rijiya baƙuwa har ƙofar gida. Shi kuwa Tanko Allah ya yi shi da wani hali. Ko sallama ka yi masa sai ya juya ta ya duba bayanta, in kuwa ka ƙara da tambayar lafiyar iyali, wuni zai yi yana neman wanda ya aiko ka. Mutanen Ƙiryoyi, ɗan ƙauyensu da ke tsakanin Matameye da Kurni, sun daɗe da sabawa, ba su ma jin haushinsa, don duk ruwan da suke sha shi da ubansa da kakansa suka fito da shi daga ƙasa.

Sunan baƙuwar Fadima, 'yar Damagaram, ba za ta wuce shekara talatin ba. Ta zo cikin motar furoje, irin ta masu ayyukan raya karkara, da baƙar jaka a kafaɗa, mai gari Garba na gaba yana yi mata jagora. Tanko na zaune a inuwar zaure yana tufkar igiyar guga. Kafin a gama gaisuwa ya riga ya ga tambarin biron farfe, wato ofishin mai mulkin yankin, a jikin takardar da ke hannunta, ya ga takalmin direbanta irin na soja ne, ya kuma ga mai gari na wata dariya wadda ba ya yin ta sai in an tsorata shi. Yana cikin shirya yadda zai sallame su, sai ga matarsa Shekara ta fito da ruwa a ƙoƙo. Yarinyar ta karɓa da hannu biyu ta sha.

Tanko ya harari matarsa, amma abin ya riga ya wuce. A gidan masu haƙar rijiya, wanda ya sha ruwanku ba a ce masa a'a. Haka ya taras, kuma bai isa ya canza ba.

"Baba, wani ɗaki muka buɗe a Matameye, nan bayan tasha," in ji Fadima bayan ta zauna a gefen tabarma. "Maganar manya muke ɗauka muna ajiyewa cikin kwamfuta, don kada ta tafi tare da masu ita. Mun ɗauki maƙera, mun ɗauki masaƙan Yauri, mun ɗauki waƙoƙin daka na tsofaffin mata. Ajiya ɗaya na Matameye, ɗaya na Damagaram, ko gobara aka yi ba za a rasa duka ba."

"Ɗaya kuma na Yamai," in ji Tanko.

"A'a, Baba. Biyu ne kawai."

"To, madalla."

Ta fito da wata 'yar na'ura wadda ba ta kai tafin hannu ba, ta ajiye a gabansa, wani jan ido ya kunnu a jikinta. Tanko ya ɗan janye ƙafarsa. Da fari tambayoyin ba su da illa, kuma tsoho ya daɗe bai samu mai sauraro ba, sai baki ya buɗe. Ya faɗa mata yadda ake karanta ƙasa daga ciyawar da ta tsiro da wurin da gara ta kafa suri, da yadda ake zura fitila cikin rami kafin mutum ya shiga, in ta mutu a fasa, da dalilin da ya sa ba a tokare rijiya da wani itace sai ƙirya. Har ya fara jin daɗin kansa, sai ta gyara zama ta ce, "An ce mini gidanku ke riƙe da rijiyar tsimi."

Mai gari ya shiga kallon wani tsuntsu da babu shi a kan katanga.

Rijiyar tsimi kuwa kowa a Ƙiryoyi ya ji labarinta, ba wanda ya taɓa ganin bakinta. Kakan Tanko ya haƙa ta, mai zurfi, ya sami ruwan da ba ya ja baya. A zamanin Nasara sojoji suka gano ta, suka mayar da wurin zango, dawakansu na shan ruwan, su kuma suna cin hatsin gari. Da suka tashi wata shekara, tsohon ya jera gumaguman ƙirya a bakinta, ya rufe da ƙasa, ya yi shuka a kai, ya ce ta rufta. Tun daga nan aka bar ta don ranar da komai ya ƙafe, kamar yadda ake barin rumbun tsimi. Kuma ba a faɗin wurinta da baki. Uba ke jan ɗa guda ɗaya ya taka da shi daga gindin tsohuwar tsamiya har kan wurin. Ranar da aka taka da Tanko, ubansa ya sa shi ya tona har hannunsa ya taɓa itacen, ya ji sanyi na hurowa ta tsakanin gumaguman, sannan suka mayar da ƙasa. A ranar kuma ya koya masa abin da ake yi wa baƙo mai naci. Ya ce kada ka hana shi, hanawa ke sa ya dawo da wasu. Ka faɗa masa itacen, ka faɗa masa yawan takun, sannan ka juya masa fuska.

Tanko ya dubi jan idon nan. Shekarar fari, soja a kan mulki, takarda mai tambari, sai ga yarinya mai ladabi tana tambayar ruwan da aka ɓoye wa soja. Ko jariri ai ya haɗa wannan.

"Na san sirri ne," in ji Fadima. Ta juya ta roƙi mai gari da direba su ɗan ba su wuri, suka koma gindin mota. "Muna da ajiya iri biyu, Baba. Akwai wadda kowa ke iya zuwa ya saurara. Akwai wadda ake kullewa, ba mai jin ta sai wanda mai maganar ya ambata. Ni kaina ba zan sake buɗe ta ba sai mutumin ya zo."

A ransa Tanko ya ce, lallai an koya miki aiki. A fili kuwa ya yi gyaran murya, ya ba da tarihin kakansa tiryan-tiryan, ba ragi. Da ya zo kan wurin sai ya ce, "Ka tsaya a gindin tsamiya, ka jingina bayanka da ita, ka fuskanci gabas. Taku ɗari da arba'in. Ka tona, kafin rami ya kai ƙirjinka za ka taras da itace." Tsamiyar gaskiya ce, takun gaskiya ne. Rijiyar dai tana yamma.

"Wa za a ba, in ya zo?"

"Wancan na Ikko."

"Na'ura ba ta san wancan ba, Baba. Sai ka faɗi sunansa da bakinka, ita ce shaidata."

Shekara da ke tsaye bakin ƙofa ta ja mayafi ta shige ciki. Wancan na Ikko shi ne ɗansu na fari, kuma iyaye ba su kama sunan ɗan fari. Shekara talatin da shida ke nan Tanko na kewaye sunan, ya ce kai, ya ce wancan, ya ce yaron nan. Ga shi kuma tsakaninsu ba daɗi. Rijiya biyu kacal yaron ya haƙa ya ajiye dagi, ya ce injin burtsatse ya kashe sana'ar, ya bi 'yan ci-rani. A da yana dawowa da damina, yanzu shekara uku ke nan bai leƙo ba, yana can yana tura kurar ruwa a titunan Ikko. Ɗan gidan ruwa yana tallar ruwan wani! Abin na cin Tanko ƙwarai, shi ya sa har yau bai taka da shi ba, kullum yana cewa sai ya natsu.

Amma ya yi tunani. In ya ambaci wani na nan gari, gobe jandarma za su zo su tasa shi gaba. Ikko kuwa da nisa, hannun sojan Nijar bai kai can ba. Ya haɗiye yawu kamar mai shan maɗaci, ya ce, "Isufu. Ɗana ne. Shi kaɗai."

Daga ranar Tanko ya sami sabon aiki. Kullum da hantsi sai ya zagaya gabas da tsamiya yana duban sawun taya, yana jira ya ga ranar da za su zo da injinansu su haƙa busasshiyar ƙasa, ya koma gefe ya sha dariya. Sawun awaki kawai yake gani. Mako biyu, mako uku, shiru. Wani sai ya ce ashe yarinyar mai gaskiya ce. Tanko ya ce jira suke ya saki jiki.

Ranar kasuwar Matameye ya je sayen garin rogo, don rumbu ya riga ya nuna gindinsa, sai ya bi ta bayan tasha ya leƙa ɗakin ta taga. Ga kwamfuta biyu a kan tebur, ga tsofaffi uku a benci suna jiran layi, ga kuma jandarma zaune da kakinsa, ya toshe kunnuwa da wasu abubuwa masu igiya, ya sunkuyar da kai. Tanko bai tsaya ganin ƙarshe ba. Da ya tsaya da ya ga jandarman na share ido da bayan hannu, don waƙar dakan garinsu aka sa masa, irin wadda kakarsa ke yi. Shi dai ya ga kaki, kuma kakin ya ishe shi hujja.

Bayan kwana biyu mai gari Garba ya zo da ƙorafi. "Ka ji yarinyar nan, Tanko? Na je na ce ta sa mini maganarka in ji, ni mai gari guda, ta ce ba sunana a ciki. Har na ce zan kai ƙara biron farfe, ta ce ko farfe ne da kansa sai ya zo da Isufu."

"Allah sarki," in ji Tanko, yana kallonsa ta wutsiyar ido. Ya tabbata tare suka shirya wannan, don a kwantar masa da hankali.

Zafi ya kai zafi. Rijiyar gari ta fara ba da ruwa ja, daga nan ta koma taɓo. Mata na fita tun asuba su dawo da rabin tulu, a tace da ƙyalle a sha. Wasu suka ce injinan ban ruwa na masu rake a fadama ne suka janye shi, wasu suka ce zunubi ne, kowa da nasa. Aka koma cin tafasa da anza. Tanko, da shekarunsa saba'in, ya sa aka zura shi cikin rijiyar da igiya, ya yi wuni biyu yana yasa, dagi na ƙara a kan busasshen dutse. Da ya fito ya san ranar da kakansa ya yi wa tanadi ta zo. Kuma ba zai buɗe ba sai ya taka da magajinsa, don in ya mutu a bakin aikin kada abin ya bi shi.

Ya ari salular mai gari, aka kira masa Ikko.

"Kai, ka zo gida."

"Lafiya, Baba? Inna ce?"

"Ka zo dai."

"Me ya faru? Ka faɗa mini mana."

Tanko ya dubi wayar, ya dubi mai wayar da ke tsaye kusa. Wa ya san kunnuwa nawa ke kan hanya tsakanin nan da Ikko? Ya ce, "Na ce ka zo," ya miƙa wa Garba abarsa. Isufu ya ce sai ƙarshen wata.

Bai kai ƙarshen watan da bakinsa ba. Wata la'asar yana dawowa daga masallaci ƙafar dama ta ƙi bin umarni, ya faɗi a ƙofar zaure. Aka kai shi asibitin Matameye a amalanke, likita ya ce hawan jini ne, ɓarin dama ya shanye. Aka dawo da shi gida da ƙwayoyi. Hankalinsa na nan garau, yana jin komai, yana gane kowa, amma harshe ya zama kamar ba nasa ba. In ya yunƙura zai yi magana sai wani gurnani ya fito, yawu ya biyo baya, kansa kuma na rawa ba tsayawa, ba ka gane i daga a'a.

Kwana huɗu Isufu ya iso, ya rame, ya yi baƙi, kafaɗunsa sun yi kanta. Ya durƙusa ya gai da ubansa, ya fita tsakar gida, Tanko na jin su ta ƙofa.

"Inna, ya taɓa nuna wa wani?"

"Wa zai nuna wa? Kai yake jira. Sai dai akwai wata yarinya da ta zo da na'ura, ya yi mata magana mai tsawo. Ka je Matameye bayan tasha, ka ce kai ne."

Tanko ya yi wani ihu da ya sa su duka suka rugo. Ya kama rigar Isufu da hannun hagu yana ja. Shekara ta ce ciwon ne ya motsa, aka ɗaga kansa aka ba shi rubutu.

Da azahar ta gota Isufu ya dawo daga Matameye idanunsa jajur. Ya zauna dab da shimfiɗar. Can ya ce, "Sai da ta duba katina na ɗan ƙasa, Baba, ta tambaye ni sunan kakana, sannan ta kori kowa ta rufe ƙofa. Ta ce tun ranar da ka yi maganar ba wanda ya ji ta, ni ne na fari." Muryarsa ta karye. "Na ji ka kama sunana. Sau uku na sa ta mayar da wurin. Ni da nake cewa ka cire ni daga ranka. Ka yafe mini, Baba. Gobe in Allah ya yarda zan fito maka da ruwan nan."

Tanko ya damƙe wuyan hannunsa da duk ƙarfin da ya rage masa, yana girgiza shi, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Isufu ya ɗora ɗaya hannun a kai ya ce amin, amin. A nan baƙin ciki ya rufe tsohon. Tarkon da ya kafa wa soja da farfe da mai gari, wata biyu yana gadinsa, ba wanda ya taka sai ɗansa.

Washegari maza goma sha biyu suka bi Isufu gabas da tsamiya, da dagi da felu da kwanduna, cikinsu ba komai sai garin rogo da aka jiƙa. Suka tona har ƙirji, ba itace. Suka kai tsayin mutum, suka wuce. Isufu ya koma gindin tsamiya ya sake takawa da dogon taku, ya sake da gajere, aka ja rami ya haɗe wuraren biyu. Yashi ne fari, busasshe, mai ƙona tafin ƙafa. Rana ta biyu maza bakwai suka zo. A yammacinta gida biyu suka ɗora kayansu a amalanke suka nufi iyaka, Tanko na jin kukan ƙafafun amalanken har ya ɓace. Rana ta uku mutum uku suka rage, su ma don kunya.

Da hantsin ranar mai gari ya tsaya a zaure yana magana da wani, bai ko rage murya ba, don mutane na ɗauka wanda ba ya magana ba ya ji. "Ni fa na fara tunanin babu wata rijiya. Kakansu ya yi cika baki, jikoki suka gada. Ga yaro can zai kashe kansa a rana saboda tatsuniya."

Tanko ya mirgino daga shimfiɗa ya faɗo ƙasa. Da gwiwar hannun hagu ya riƙa jan jiki, ɓarin dama na biye da shi kamar buhu, har ya kai bakin ƙofa. Nan Shekara ta same shi, fuska duk ƙasa. Ta ɗago shi za ta mayar, ya ƙanƙame dokin ƙofa ya ƙi saki. Ta tsaya ta dube shi da kyau. Shekara arba'in take tare da mutumin nan. Ta ga ranar da wani mai sayen awaki ya tambaye shi hanyar Kurni ya nuna masa ta Kance.

Ta durƙusa ta rage murya. "Maigida, ƙarya ka yi wa yarinyar nan?"

Ya saki ƙofar ya kama hannunta, ya ɗora shi a kan goshinsa.

"Innalillahi," in ji Shekara. "Kai dai halinka sai ya kashe mu." Ta bar shi nan a jingine, ta fita ba ko takalmi.

Isufu ya shigo da ƙasa har gira, leɓɓansa sun tsage. Uwar ta riga ta faɗa masa a hanya. Ya tsaya a kan ubansa yana huci, Tanko ya kasa haɗa ido da shi. Can ya juya baya ya tsuguna, ya ce, "Inna, ɗora mini shi." Ta ɗora, ta kawo zanenta ta ɗaure su tare ta ƙarƙashin hammata, yadda ake goyo.

Haka suka ratsa gari da rana tsaka, mutane na fitowa suna bin su. A gindin tsamiya Isufu ya tsaya yana fuskantar gabas, inda tarin ƙasar kwana uku ke tsaye. Tanko ya miƙa hannun hagu ya kama kunnensa ya ja. Isufu ya juya kaɗan. Ya ƙara ja, ya ƙara juyawa, har suka ba ramin baya gaba ɗaya. Sannan tsohon ya saki kunnen ya buga kafaɗarsa sau ɗaya. Isufu ya ɗaga ƙafa.

Duk taku ɗaya bugu ɗaya. Suka ƙetare wata gona da ba ta ba da ko dami ba bana, suka wuce kututturen gawo. Takun mai goyo gajere ne, Tanko ya san haka, don haka da aka kai ɗari da arba'in bai tsayar da shi ba, ya ci gaba da bugu yana duban wani tsohon suri da ubansa ya nuna masa shekara hamsin da suka wuce. Da surin ya daidaita da kafaɗarsu ta dama, ya shaƙe wuyan rigar ɗansa. Isufu ya tsaya cak.

Aka kwance shi aka jinginar a inuwar surin. Isufu ya karɓi dagi ya fara shi kaɗai, don sauran sun tsaya kallo, ba wanda ke son a sake yi masa dariya. Ramin bai kai ƙirjinsa ba dagin ya yi wata ƙara daban. Ya yar da shi ya sa hannu yana yaye ƙasa, ga baƙin itace a jere, ko gara ba ta taɓa shi ba. Nan fa maza suka yi tsalle suka faɗa ramin, mai gari na gaba yana ba da umarni kamar shi ya gano. Da aka ɗaga gungume na farko wani sanyi mai warin tsohuwar ƙasa ya bugo su. Isufu ya saki tsakuwa. Aka yi tsit, aka jira, can ƙasa aka ji ta faɗa ruwa. Matan suka kaure da guɗa.

Isufu ya fito ya zo ya tsuguna gaban ubansa. Ya ce a hankali, yadda ba mai ji sai su biyu, "Da ba ka faɗi ba, Baba, da ka taka da ni?" Tanko ya so ya ce don haka na kira ka. Gurnani ya fito.

Kwana biyar bayan haka, ruwan ya washe har ana zuwa ɗiba daga ƙauyukan kusa, sai ga Fadima. Wannan karon a motar haya ta zo, ta ƙarasa da ƙafa. Ta gaishe da Shekara, ta durƙusa gefen shimfiɗar Tanko da ke zaure. Ba ta ɓoye ɓacin ranta ba.

"Baba, wallahi ban ba kowa ba. Na ji an ce mutane sun yi kwana uku a rana saboda abin da ke cikin ajiyata."

Tanko ya runtse ido. Ya sani. Ya daɗe bai ji kunyar ɗan Adam irin ta yau ba.

Ta juya ga Isufu. "Maganar ta gidanku ce, Malam Isufu. In kun ce a goge, yau zan goge ta nan da ta Damagaram, kai ka yi mana wata ta gaskiya. Ba na son wani ya zo bayan shekara hamsin ya haƙa gabas."

"Sa mana ita tukuna, Malama."

Ta buɗe kwamfutar a kan tabarma ta danna. Sai ga muryar Tanko ta cika zauren, kakkaura, mai daɗin sauraro, tana jan labari ba gargada. Shi kansa mai ita ya saurara kamar ta wani. Bai yi tsammanin ita ce za ta rage masa a duniya ba, da ya sani da ya zuba gaskiya a cikinta. Ya ji kansa yana cewa ka fuskanci gabas, da irin tabbacin da ake rantsuwa da shi. Daga nan aka ji tambayar yarinyar, aka ji shiru mai tsawo, har da ƙarar haɗiyar yawu. Sannan muryar ta ce, "Isufu. Ɗana ne. Shi kaɗai."

Shekara ta ja mayafi ta rufe fuska, amma yau ba ta shige ciki ba.

"Kada ki goge komai," in ji Isufu. "Ki rubuta a jiki cewa yamma ce, ni na faɗa, kuma a bayana aka taka. Wurin nan na ƙarshe kuwa, in da hali, ki zuba mini shi a salulata."

Tana cikin haɗa igiyoyin, Tanko ya tattara ƙarfinsa gaba ɗaya. Sunan gajere ne, yana nan a kan harshensa, kuma yau ba don soja ko don wata dabara zai faɗe shi ba. Ya buɗe baki, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, leɓensa na rawa. Ba abin da ya fito sai yawu.

Isufu ya sa bakin rigarsa ya goge masa. Sannan ya karɓi salular daga hannun Fadima, ya matso kusa da kunnen ubansa, ya sake kunna wurin.